Baba Alhaji Shu'aibu da Tagar da ke Rina Riga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Alhaji Shu'aibu na Mahuta ya tafi.

Da safen nan ɗansa Lawal ya kira ni ina shirin fita aiki. Ya ce bayan sallar asuba Baba ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Na zauna a kan dakali da makullin mashin a hannu.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Post ɗin nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri. In kun ga ina dariya a ciki kada ku ce ban ji mutuwar ba, na ji ta har ƙashina. Mutumin ne ba a iya tuna shi da fuska a murtuke.

Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta manoman auduga tun ina sabon ma'aikacin gona. Ranar da na fara zuwa gonarsa da takalmi sau-ciki, laka ta haɗiye ɗaya. Ya cire nasa na roba ya ba ni, ya taka ƙasa har gida. Tun daga ranar sunana Injiniya Sau-ciki a bakinsa.

Duk kaka sai buhun sabuwar masara ya iso gidana a Funtua daga wurinsa, ba ya ma jiran godiya.

Amma labarin kakansa nake so ku ji.

Tanko sunansa. Tun zamanin da ake zuwa Tarabulus da raƙuma, kafin Turawa su ci ƙasar Hausa, ya bi ayarin fatake yana saurayi. A can ya zama mai kiwon jiminu na wani Balarabe. Wani Bajamushe ya saye jiminun da ransu, ya ga ba mai iya da su sai Tanko, aka haɗa da shi a jirgin ruwa. Bayan shekaru ya dawo Mahuta da labari. Wai a wani birnin Jamus mai suna Kolon akwai gidan ibadar Nasara na dutse, kansa a cikin gajimare, yana da tagogin da in ka tsaya ƙarƙashinsu da farar riga sai su rina ta, ja da shuɗi da rawaya, ba shuni ba ruwa. Ka matsa gefe ta koma fara sol.

Masu rinin garin suka yi dariya har da riƙe ciki. Ya rantse, suka ƙara. Haka ya tsufa ya mutu ana ce masa maƙaryaci. Har gobe a Mahuta in mutum ya shirga ƙarya sai a ce, "To, an fara rinin Tanko."

In an faɗa a gaban Baba Alhaji yakan yi dariya, amma iyakarta haƙora. Abin yana cin sa.

Sai aka gayyaci ƙungiyarmu baje kolin injinan noma a Jamus, aka ce mu je ni da Baba, ni ne tafinta. Tun a filin jirgi na lura da wata jaka da ya hana kowa taɓawa. Ranar ƙarshe ya buɗe ta. Farar babbar riga ce ta shadda, ta sha bugu tana sheƙi.

"Injiniya, yau Kolon za mu."

"Baba, coci ne fa."

"Na sani. Na tambayi malam kafin in taso. Ba salla za ni ba, shaida zan ɗauko."

Na yi ta mita a jirgin ƙasa. Ni da sanyi ba ma ga maciji, shi kuma ya ƙi sa kwat wai kada rigar ta yamutse. Muna fitowa daga tasha na daina mitar. Ga abu tsaye a kanmu, baƙi ƙirin, hasumiya biyu, duk jikinsa sassaƙa kamar an yi wa dutse aikin wuyan riga. Samansa kuwa gajimare ya rufe. Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ɗaya ta tabbata."

A bakin ƙofa ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, yadda kowannenmu zai yi a ƙofar masallaci. Mai gadin, wani dattijo cikin doguwar riga ja, ya zo da murmushi ya nuna takalman yana girgiza kai, sannan ya nuna hular Baba. Na fassara masa: a nan ba a cire takalmi, hula maza ke cirewa.

Ya dube ni kamar ni na kafa dokar.

Ku da kuka san shi, wa ya taɓa ganin kansa? Ko a gona da hularsa yake. Jikokinsa har musu suke ko yana da gashi.

"Ni? A tsakiyar jama'a? Da girmana?"

Ya juya ya sauka matakala. Na ce shi ke nan, mun sha sanyin banza. Ya tsaya can ya daɗe yana kallon tantabaru, sai ga shi ya dawo.

"In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ai sai ka nemo taka ka ɗaura. Ungo, riƙe min. Amma wallahi in hoton kaina ya je Mahuta, ni da kai ne."

Jama'a, sanƙo ne, tal kamar bayan ƙwarya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Takalmin kuma ya ƙi mayarwa. Ya ce shi ba zai taka ɗakin ibada da takalmi ba, ko na waye. Mai gadin ya yi dariya ya ƙyale shi. Haka ya shiga, ba hula ba takalmi, ni a baya ɗauke da duka biyun.

Ciki ya fi waje ban mamaki, ginshiƙai sun miƙe har wuya ya gaji da kallo. Ga tagogin nan dogaye masu gilashi kala-kala. Sai dai babu rana. Baba ya tsaya ƙarƙashin ɗaya ya duba rigarsa, fara. Ya koma wata, fara.  Lokacin jirgin ƙasanmu na komawa masauki yana ta matsowa.

"Baba, ko mu haƙura? Ginin ma ai shaida ne."

"Ba a kan gini aka yi masa dariya ba."

Ya samu benci ya zauna. Jirgin ya tafi ya bar mu, ni kuma ina ta ƙunƙuni a zuci.

Sai kawai daɓen da ke gabanmu ya fara canza launi. Rana ta leƙo. Baba ya miƙe ya taka cikin hasken ya buɗe hannuwan rigar. Ja a kafaɗa, shuɗi a ƙirji, rawaya da kore har ƙasa, sanƙon ma bai tsira ba. Ya matsa gefe, fara sol. Ya koma, ta rinu. Ya yi ta shiga yana fita yana dariya, hawaye na bin gemunsa, Turawa sun daina kallon taga suna kallon sa.

"Tanko bai yi ƙarya ba, Injiniya! Tanko bai yi ƙarya ba!"

Ni ma kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Hoto biyu na ɗauka, ɗaya daga wuya zuwa ƙasa, ɗaya gaba ɗayansa. Ya ce na biyun in ɓoye shi. Da muka dawo ya tara dattawa a ƙofar gida ya nuna musu na farko. Abokin wasansa Alhaji Bawa, jikan masu rinin nan, ya juya wayar ya ce, "Riga ba kai? Wa ya san rigar waye? To, an fara rinin Tanko." Aka fashe da dariya. Baba ya dafe hularsa.

Makon jiya na gan shi a kasuwar Bakori, zaune kan buhun dawa yana ɓare gyaɗa. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya zuba min gyaɗa a hannu ya ce, "Sau-ciki, hoton nan mai kai yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Ranar da na tafi ka nuna musu, lokacin kunya ba za ta same ni ba. Shi kuma Tanko ni zan gaya masa da bakina cewa na gani."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya yi dariya.

To ga shi nan a ƙasa, na cika alkawari. Alhaji Bawa, ka sa tabarau ka duba da kyau, ga riga ga mai ita.

Allah ya jiƙan Baba Alhaji Shu'aibu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Lawal da ƙannensa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Kuma ku haɗa da kakansa Tanko, mutumin da ya faɗi gaskiya aka yi masa dariya har ya mutu.