Faifan da na jefa a masai

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka shirya zaɓe za su miƙa mulki, yaƙi ya tashi a Libiya, mutanenmu suka riƙa dawowa. Cikinsu har da yayana, wanda ya shekara bakwai yana aiki a gidan burodi a can. Ya iso garinmu Gidan Rumji da jaka ɗaya: riga biyu, da injin wasa irin wanda ake jonawa da tele.

Ina gidan aurena a Cadawa mahaifiyata ta aiko in zo. Ta ce wata biyu ke nan bai taka ƙofar gida ba. A ɗaki yake salla, a ɗaki yake cin abinci. Da an kawo kuran, wato wutar lantarki, sai ya kunna abin nan.

"Wanga abu shi ya riƙe shi," in ji Inna. "Na ji kukan da ke fitowa ciki, ba na mutane ba ne. Ke kika yi lakol, kin san boko, ki raba shi da shi."

Bayan azahar na yi sallama na shiga. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na zauna gefen tabarma ina jiran in ga jini da dodanni, in samu abin faɗa. Ban ga komai ba. Wani mutum ne kawai riƙe da tocila yana tafiya cikin dogon gida mai ƙofofi. Ya buɗe wannan, wayam. Ya buɗe waccan, wayam.

Na ce, "Yaya, kan wannan ka ƙi mutane? Ai gara kallon awaki."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini abin dannawar, ya nuna mini na tafiya da na buɗe ƙofa.

Na fara ina taɓe baki. Can sai hasken tocilar ya soma ja. Ya ce batirin ne, kuma babu wani. Na tambayi bindiga, ya ce akwai, harsashi biyu suka rage. Sai na ji taku. Ba gudu ba, a hankali, kamar mai jan ƙafa ɗaya. Na juya hagu, na juya dama, ban ga mai shi ba.

"Shiga armuwar ɗin can, kabad ɗin tufafin," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kashe tocilar."

Na shiga. Ta tsagar ƙyaure ƙafafu kawai nake gani, sun zo sun tsaya. Wallahi da rana tsaka, zakara na cara a tsakar gida, ni uwar 'ya'ya uku na riƙe numfashi ina karanta Ayatul Kursiyyu saboda hoton tele. Fuskar abin ma ban gani ba. Da na gan ta wataƙila da na yi dariya. Abin da ya kama ni shi ne ina jinsa, ba ni da abin kare kaina, kuma ni ce zan zaɓi lokacin fita.

"Kwana uku muka yi haka a Libiya," in ji Yaya, idonsa na kan tele. "Bayan buhunan fulawa, ni da abokina, ɗan Gangara. Ana bi gida-gida ana neman baƙaƙe. Ruwa ya ƙare. Ya ce bari ya leƙa famfo. Na riƙe mishi riga, ya ce sakar ni mana, kai matsoraci. Na saki. Na ji takunshi har tsakar gida. Sai na ji takun wasu."

Na juyo na dube shi.

"Ban fito ba, ƙanwata. Ina jin shi yana kirana, ban fito ba. Injin ma nashi ne." Ya karɓi abin dannawar, ya tura ƙyauren, mutumin ya fita. Nan take aka kashe shi, tele ta yi baƙi, sai ga shi kuma a bakin ƙofar farko. "Kin gani? Nan in ka fito aka kashe ka, maido ka ake ka sake. Kullum fitowa nike."

Inna na zaune bakin murhu tana jirana. Na ce a bar masa abinsa tukuna. Ta dube ni, hawaye suka zubo mata.

"Ke ma ya kama ki? To wa ya rage mini?"

Ban iya maimaita mata abin da ya faɗa ba, kuma ban taɓa iya kallon kukan mahaifiyata ba. Da ya zagaya yin alwalar la'asar na shiga, na cire faifan wasan daga injin, na je na saka shi a masai. Ya dawo ya tarar da injin a buɗe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke kuwa ai kin gani."

Bayan sati biyu ya fita, ya tafi Maraɗi ya kama aiki. Daga baya ya yi aure, yanzu 'ya'yansa biyar. Har Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta, tana gaya wa mata cewa ɗiyarta ce ta ceto ɗanta. Wataƙila gaskiyarta. Ni dai abin da na sani, tun ranar bai sake gaya wa kowa abin da ke ransa ba. Matarsa ta taɓa tambayata ko dama can haka yake, ba ya zama ɗaki in ƙofa na rufe.

Na yi wa uwa biyayya, ban yi nadamar wannan ba. Amma ni kaɗai ya buɗe wa bakinsa a duniya, kuma ko awa ɗaya ban riƙe masa amanar ba.

Bara da Sallah na samu muna mu biyu, na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar faifan nan."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Ya ce, "Wane faifai?" Sai ya tambaye ni lafiyar yara.