Lanƙwasar da ke Kan Ɓari

Shekara tara ta yi tana share wurin da ake fasa tsofaffin baturan mota a ciri dalma, har unguwa ta koma kiranta Mai Tsintsiya. Ruwan batir, wanda ke cin tufa ya ci fata, a bokiti leburori ke kwasarsa su kai wani rami a bayan katanga, kuma ba a rasa mai tuntuɓe a hanya. Abin da ya zube ita ke gogewa da tsumma, ba safar hannu. Rijiyar gidanta kuwa taku ashirin ce daga ramin.

Sau uku ta yi ɓari. Bayan na ukun likita ta gwada jininta, ta ce dalma ce. Da ta faɗa wa shugaban leburori, sai ya tuntsire da dariya a gaban maza, ya ce tsakaninta da bokiti ba a san wanda ya fi wani ɓari ba. Mijinta ya ce ta bar aikin; ta ce za ta bari, amma ba yanzu ba. Ta daina shan rijiyar, ta sayi safar roba, ta ci gaba da shara.

A ajin manya da nake koyarwa bayan ritaya na san ta. Ba ta damu da wasiƙa ba, kwanan wata take son ta iya rubutawa. Ashe ranakun hutunta wurin wata injiniyar muhalli take zuwa, mai koya wa mata yadda ake ɗiban ƙasa a gwada. A can ta koyi cewa farar ƙasa na kashe kaifin ruwan batir, cewa ramin kirki sai an shimfiɗa masa roba mai kauri, dalma kuma ba ta ruɓewa, sai an haƙe ƙasar an kai inda aka tanada.

Wata rana ta kawo mini kwalba cike da ƙasa, ta manna takarda ta rubuta "bari". Na nuna mata cewa bari dainawa ne, abin da take nufi, wato ɓari, sai da lanƙwasa a kan harafin farko.

"To, Malama, koya mini lanƙwasar da kyau," in ji ta. "Kalmar nan na san ta ciki da waje."

Shekara biyu tana tara kwalabe, kowace da ƙasar ranar da bokiti ya kife, sannan ta kai ƙara. Da jami'an duba muhalli suka zo, suka buɗe littafin da shugaban leburori ke rubuta abin da ya faru a wurin aiki, suka ga kwanakin wata, kowane da "bari" a gefensa. Mai wurin ya yi farat ya ce ma'anarsa a ranakun an bar aiki ne don a huta da ramin. Sai ta jera kwalabe arba'in da ɗaya a kan benci, kwanakinsu daidai da na littafin, kowace da lanƙwasarta. Aka gwada ƙasar, ta ba da shaida.

Aka rufe wurin, aka umarci mai shi ya kwashe ƙasar da ta gurɓata. Da yake ita ta san inda kowane bokiti ya taɓa kifewa, injiniyar ta sa ta kula da aikin. Na je na gani da idona: tana tsaye da takunkumi a fuska, shugaban leburori na tafe da bokiti biyu, gumi na zuba. Ta bar shi sai da ya zo daidai gabanta.

"Sannu da aiki, yallaɓai. Taka a hankali, kada ka yi ɓari. Ba ka san zafinsa ba."