Ƙoƙi-ƙoƙin da ya zo cikin na'ana'a

Shekarar da na ɗauko iyalina zuwa Madina, a hawa na uku na wani bene muke a unguwar Ƙurban, ɗaki biyu da falo, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku, fannin fiƙihu. In fita jami'a da safe, in dawo bayan la'asar da jaka cike da littattafai, kai kuma cike da saɓanin malamai. Matata tana gida. A Zariya ta baro gidan da ba a rufe ƙofarsa da rana, ta zo inda maƙwabciya ke yin wata guda ba a ji ko tarinta ba. Larabcinta na Islamiyya ne, mai cikakken wasali. In ta yi wa mai kanti magana sai ya tsaya yana kallonta kamar an kunna masa labaran rediyo, in ya amsa da nasa na Hijaz ita kuma ba ta kama ko kalma ɗaya. Bayan wata huɗu ta ce mini, cikin ladabi kuma ba hawaye, in an yi ƙaramar salla tana so in mayar da ita gida, ta jira ni can har in gama. Na ce za mu duba. Ban so ta tafi ba, kuma ba ni da abin da zan ba ta a madadin Zariya.

Ana cikin haka na sayo na'ana'a wata ranar Talata, dami biyu, saboda a garin nan shayin da babu na'ana'a ruwan zafi ne kawai. Da na dawo washegari sai na tarar da babbar kwalbar zuma a kan taga, an wanke ta tas, an rufe bakinta da ƙyallen mayafi. A ciki akwai reshen na'ana'a, a kan reshen kuma ƙoƙi-ƙoƙi, kore shar, tsawon ɗan yatsa, ya haɗa hannuwansa a ƙirji kamar ɗalibin da ya san amsa yana jiran a kira shi. Ta ce tana tsinkar ganye ne ganye ɗaya ya juyo ya dube ta.

Rabon da in ji ta yi magana mai tsawo irin ta wannan yammacin tun muna gida. Ta gaya mini yadda yake juya kai ya bi ta da kallo in ta wuce, yadda yake wanke fuska da hannu kamar kyanwa, yadda ya ƙi gutsuren burodi da dabino da ta ba shi. Sai da wani ƙuda ya yi ganganci ya shiga kwalbar ta gane abin da baƙon nata ke ci. Daga ranar ta zama mafarauciyar ƙuda. Da rariyar shayi take kama su, kuma da na gidanmu suka ƙare sai ta fara sauka ƙasa wajen kwandon shara da hantsi, ita da a da ko ƙofar bene ba ta leƙawa in ba ni. Ta buɗe littafin rubutu tana ajiye abin da ya ci da lokacin da ya ci. Na duba littafin sau ɗaya, na ga ya fi kundin bincikena tsari.

Da na kame bakina da shi ke nan. Amma wanda ya daɗe a aji ba ya iya ganin abu zaune lafiya bai mayar da shi tambayar jarrabawa ba. Ranar nan muna cin abincin rana na ce, kamar mai wasa, ko ta san muna cikin haramin Madina, kuma an hana farautar abin da ke cikin harami, an hana ma a firgita shi? Na ƙara da cewa in aka lura ƙoƙi-ƙoƙi ɗan'uwan fara ne, fara kuwa malamai sun yi magana a kanta. Ni nufina mu ɗan yi muhawara, ta kawo hujja in kawo, shayi ya shiga. Sai ta ajiye cokali.

"Malam, da gaske kake ko wasa?"

Na ce ai mas'ala ce kawai.

"In haramun ne gobe ka kai shi inda ya kamata. Amma ba ƙasan benen nan ba, kyanwoyi sun yi yawa."

Ta ci gaba da ba shi ƙuda don kada ya mutu a hannunta, amma ta daina rubutu a littafin, ta kuma daina ba ni labarinsa. Gidan ya koma yadda yake a da. Na manta cewa na auri macen da ta fi ni tsoron Allah da nisa, kuma abin da ni nake ɗauka darasi ita a wurinta hukunci ne.

Kwana uku na yi a ɗakin karatu na jami'a ina neman gyara ɓarnar da na yi da jimla biyu. Magabata sun yi magana a kan barewa da zomo da tsuntsaye, sun yi doguwar jayayya a kan fara, amma babu wanda ya ga ƙoƙi-ƙoƙi ya cancanci ko layi ɗaya. Wani abokin karatuna da na tambaya ya ce shi dai ya san a Jamus doka ta hana kama shi daga daji. Na gode masa, ban kai wannan labarin gida ba. Abin da na kai shi ne cewa a mafi rinjayen zato ba ya cikin dabbobin farauta, tunda ba cin sa ake yi ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Ka ce zato. Ni ban zo garin Manzon Allah don in ajiye zato a cikin kwalba ba."

Sai na fito da hujja ta biyu, wadda na ajiye saboda irin wannan rana. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa abin da aka kama a wajen iyakar haramin Madina aka shigo da shi, babu laifi a riƙe shi. Ke nan magana ta koma kan na'ana'a: a wace gona aka yanko ta, cikin iyaka ko wajenta? Ta ce wannan kam tambaya ce mai amsa. Ta ce kuma tare za mu je kasuwar, domin ta lura in na tafi neman amsa ni kaɗai da ƙarin tambayoyi nake dawowa.

Mai na'ana'ar mutum ne mai kimanin shekara hamsin, baƙi kamar mu, ɗan ƙasa, daga cikin jikokin alhazan da suka zo da ƙafa tun da daɗewa suka zauna. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Na yi masa bayanin abin da ya kawo mu tun daga tushe, da sharuɗɗa da togaciya, yana auna wa wata mata tumatir yana gyaɗa kai. Da na gama ya yi dariya har ya dafa teburinsa. Ya ce, ya shaihu, shekara talatin yana sayar da ganye, an tambaye shi ko sabo ne, an tambaye shi ko an yi masa feshi, amma yau ne aka fara tambayarsa ko ganyensa ɗan harami ne. Sannan ya ba mu amsar da ba mu so ba: daga wuri biyu yake samowa, gonar mahaifiyarsa can bayan Jurf, wadda ke wajen alamar iyaka, da gonar wani abokinsa kusa da Ƙuba, tsakiyar harami. Na ranar Talatar da ta wuce mako uku, wallahi bai sani ba.

Har na fara tattara godiya za mu tafi, sai matata ta yi magana daga bayana, da Hausa. Ta ce damin da ya zo mata ba da roba aka ɗaure shi ba irin waɗannan da ke kan tebur, da siririn ganyen dabino aka ɗaure shi, ƙulli biyu, an soke bakin a ƙasa. Mutumin ya daina dariya. Ya ce duk Madina mutum ɗaya ce ta rage mai wannan ɗaurin, mahaifiyarsa, kuma ya yi shekaru yana kai mata roba tana zubarwa. Ya ce mu zo ranar Juma'a bayan la'asar ya kai mu, domin in tsohuwa ta ji wani ya lura da ƙullinta bai kawo mata shi ba, ba zai sha ruwa a gidan ba.

Mun je, da kwalbar a cinyar matata. Da muka iso alamar iyaka ta sa na rage gudu ta karanta da idonta. Gonar ba ta da nisa daga nan: dabinai kaɗan, rijiya mai inji, da fangalolin na'ana'a da ƙamshinsu ya tare mu tun daga ƙofa. Tsohuwar na zaune a kan tabarma tana ɗaure dami, ƙarama, idonta ɗaya ya yi fari. Hausarta irin ta kakanninmu ce, akwai kalmomin da rabon da in ji su tun ina yaro, Larabci na shiga yana fita a tsakiyar jimla ba tare da ta lura ba. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta wajen haske.

"'Yata, wa ya ce miki namiji ne? Dubi cikin nan. Mace ce, kuma ta kusa."

Ta ce faras annabi suke kiran su a nan, wato dokin Annabi, kuma saboda su ne ba ta yarda a yi mata feshi, su ne ma'aikatanta, ba sa neman hutu ba sa neman iƙama, takardar izinin zama. Ɗanta ya ba ta labarin mas'alar da ta kawo mu. Ta juyo da idonta mai gani ta dube ni tsawon lokaci.

"Kai ne malamin?"

Na ce ɗalibi ne dai, Iya.

"To ɗan nan, ka bar wa yarinya abinta. Daga gonata ta fito, ni na ba ta. In akwai tambaya ranar ƙiyama a turo mini."

Daga nan ba a sake bi ta kaina ba. Aka ba ni shayi da dabino aka zaunar da ni da ɗan nata a gindin rijiya, muna hirar zafin bana, shi da Larabci ni da Hausa. Daga inda nake ina jiyo su biyun. Tsohuwar na tambayar ko har yanzu ana daka daddawa a gida, matata na tambayar yadda ake cewa rariya da Larabcin kasuwa. Sai da aka kira magariba na samu na raba su, kuma muka taho da kwalbar, da damin na'ana'a huɗu, da umarnin a canza wa baƙuwa gida zuwa babban kwali mai raga domin kwalba ta yi mata kaɗan.

Bayan kwana goma baƙuwar ta yi ƙwai a jikin reshe, wani abu kamar kumfar sabulu da ta bushe. Ta rayu har farkon sanyi, tana rage ci a hankali, wata safiya matata ta same ta a ƙasan kwalin. Na shirya kalmomin ta'aziyya, har da abin da na karanta cewa dama ba su cika wuce shekara ba, amma ba a buƙace su ba. Ta naɗe reshen mai ƙwai a tsumma, ta ce Iya ta ce a kawo mata shi ta ɗaure a jikin dabino, kuma kada in damu da kai ta, jikar Iya za ta biyo ta ɗauke ta da mota. A lokacin ne na san ashe Iya na da jika, kuma sun yi makonni suna waya.

Ko ƙwan ya ƙyanƙyashe ban sani ba. Da ɗumi ya dawo, duk ƙaramin ƙoƙi-ƙoƙin da aka gani a fangalin na'ana'a sai Iya ta ce jikan matata ne, ni kuma ban nemi hujja ba. Da azumi ya ƙarato na tambayi matata, domin alkawari ne, ko in fara neman tikitin bayan salla. Tana tsinkar ganye a tire ba ta ɗago ba. Ta ce bayan salla Iya za ta aurar da jikar nan, an ba ta aikin waina ta mutanen gida, kuma ba ta ga wanda za ta bar wa ba.