Falmaran Irin ta Saurayin Talla

A wani shagon tufafi a kasuwar Anarkali ta Lahore, wani dattijo gajere mai sanƙo da tumbi yana tsaye ƙarƙashin hoton talla na wani dogon saurayi siriri sanye da falmaran ruwan gwal. Irinta dattijon yake gwadawa. Ya matse ciki, ya ɗaga haɓa kamar saurayin, har idanunsa sun firfito. Ina jin bikin 'yarsa ne ya ƙarato, ba ya son dangin ango su raina shi.

"Baba ji, yi numfashi mana," in ji Shafkat mai shagon. "Bari in kawo babba."

"Wancan yaron na hoto, babba ya sa?"

"Shi ai ba ya cin shinkafar biriyani."

Dattijon ya tuntsire da dariya, maɓalli ɗaya ya yi tsalle.

"To, kawo ta masu ci."