Sanatan Rum da ya kore ni daga Riyad

Ko tsufa zan yi har haƙorana su zube in koma shan kunu, ba zan manta da Juma'ar da wani sanatan Rum ya tattara mini kayana ba. Mutumin nan ya mutu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Bai san ni ba, ban ci masa komai ba, amma daga cikin kabarinsa ya miƙo hannu ya cire ni daga gidanmu.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin. Muna zaune a unguwar Suwaidi a Riyad, a saman wata baƙala, wato kantin kayan masarufi, inda nake sayen biskit ina cewa Umma ce ta aiko ni. Abba direba ne a wani kamfani. Mu uku ne 'ya'yan gidan: ni ɗan fari, sai ƙanwata, sai autanmu da bai shiga firamare ba tukuna. Hausar autan nan gaba ɗaya ba ta wuce “ina jin yunwa” da “ba ni ba ne” ba. Sauran maganarsa duk Larabci ce, har kukansa ma da Larabci yake yi.

Abba yana da yaya, muna kiran shi Baffa. Ya daɗe yana aiki a kasuwar dabino ta Utaiƙa. Da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya rasu, magada suka sayar da shagon, sai Baffa ya ce shi ya gaji, zai koma Funtuwa gaba ɗaya. Shi da matarsa Hajiya Allah bai ba su haihuwa ba. Wata rana ya zaunar da Abba ya ce a ba shi auta ya tafi da shi, ya riƙe shi kamar nasa.

Baffa ne ya kawo Abba Saudiyya, shi ya nemo masa aikin farko. Ko ruwa Abba ba ya sha a gabansa sai ya juya gefe. Don haka “a'a” ba ta cikin kalmomin da zai iya furtawa. Abin da ya samu ya ce shi ne, “To Yaya, bari mu gani.” Umma kuwa, shinkafarta ta fara ƙonewa a gidanmu, kuma kullum sai ka tarar tana yanka albasar da babu miyar da ke bukatarta. Shi kuwa wanda ake maganar a kansa yana can ƙarƙashin tebur yana tuƙa motar roba, bai ma san akwai wani gari Funtuwa a duniya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaro ai ba buhun dabino ba ne da za a ce “ba ni wancan” a ɗaure a sa a jirgi.

A daidai wannan lokacin malamin tarihi a makarantarmu ya raba mana sunayen mutanen zamanin da, kowa ya yi bincike a kan nasa ya zo ya yi bayani a gaban aji. Abokaina suka samu sarakuna da 'yan fashin teku. Ni aka ba ni sanata. Na fara karantawa ina hamma, amma ban kai ƙarshe ba sai da na miƙe zaune.

Ɗan babban gida ne. A Rum ba a tsallake matakala, sai ka bi muƙamai ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya bi su tsaf. Ya kula da kasuwanni da titunan birni, aka tura shi ƙasar Sifen ya jagoranci sojoji, ya dawo ya yi ta neman kujerar da ta fi kowace girma har ya samu. Ya sake nema aka kayar da shi, ya koma gida ya rungumi tarbiyyar 'ya'yansa. Sai da ya tsufa, yaƙi ya gagari kowa, suka dawo suna lallaɓa shi. Ya je ya murƙushe sarkin Makidoniya, ya kamo shi da rai. Amma ba wannan ya tayar da ni zaune ba. Mutumin yana da 'ya'ya maza huɗu. Sai ya ɗauki manyan biyu ya ba wasu manyan gidaje da ba su da magaji, suka bar sunansa suka ɗauki na can. Ya riƙe ƙananan biyu su gaje shi. Ana shirin yi masa gagarumin bikin nasara a birni ɗaya daga cikin ƙananan ya mutu. Ana gama bikin da 'yan kwanaki ɗayan ya bi shi. Ga 'ya'ya biyu a raye, amma babu mai amsa sunan gidansa.

Na rufe littafin na ce shi ke nan, Allah ya kawo mini makami. In Abba ba zai iya magana ba, tarihi zai yi. Na yi ta gwaji a gaban madubin banɗaki, inda zan sassauta murya da inda zan yi shiru in bar maganar ta shiga jiki. A raina har na ga Baffa yana share hawaye da bakin rawaninsa yana neman gafarar Umma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa ya zo cin abinci. Aka shimfiɗa leda a falo, aka ajiye tiren shinkafar kabsa. Umma da ƙanwata suna kicin, ƙofa a buɗe. Na bari sai da Baffa ya ci ya ƙoshi ya jawo kwanon dabino, sannan na gyara murya.

“Baffa, in ba ka labarin da aka koya mana a makaranta?”

Abba ya watso mini wani kallo da zai iya kashe fitila. Baffa ya ce, “Bar shi mana. Mu ji abin da ake ɗura musu.”

Na fara. Gaskiya na ƙara gishiri. Sojoji na ninka su, giwaye na cika filin da su, sarkin da aka kamo ma sai da na sa shi ya yi rarrafe. Da na zo kan mutuwar yaran na sassauta murya kamar yadda na gwada, na yi shiruna, sannan na ɗora: “Ka ga Baffa, duk wanda ya ba da ɗansa, ƙarshensa ke nan. Gida ya mutu.”

Baffa ya tsotse ƙwallon dabino a hankali, ya ajiye shi a gefen tire.

“Tsaya. Waɗanne ne suka mutu?”

“Ƙananan biyu.”

“Waɗanda ya bayar?”

“A'a, waɗanda ya riƙe.”

“To waɗanda ya bayar fa, ina suka ƙare?”

Nan ne ya kamata in ce ba a koya mana ba tukuna. Nan ne ya kamata in shaƙe da shinkafa a kai ni asibiti. Amma ni mutum ne da in ya san amsa, ko za a yanka shi sai ya faɗa. Na ce, “Ai ɗayansu ya zama janar ɗin da babu kamarsa a zamaninsa. Ya ci wani ƙaton birni a Afirka da yaƙi, sau biyu yana hawa babbar kujera.”

“Madalla,” in ji Baffa.

Sai ga Umma a bakin ƙofa da ludayi a hannu. “A'uzubillahi. Wannan yaron, wane irin mugun baki ne a kan abinci? Waɗanda aka riƙe su ne suka mutu?” Ta sunkuci auta ta yi ciki da shi tana tofa masa addu'a a ka. Sai a lokacin na ji labarin da kunnen wani. Ni da na zo kare gida, ashe lauyan Baffa aka aiko.

Baffa bai gama ba. Ya ce, “Kuma manyan ka ce ya bayar ko?”

Na ce, “Manyan,” da wata murya da ban san ina da ita ba.

“Mutumin nan yana da hankali. Ƙarami ai na uwarsa ne.” Ya juya wajen Abba. “Dama ina ta tunanin yadda za mu yi da yaron da ba ya jin Hausa, ga Hajiya da ciwon gwiwa, ba ta iya bin shi da gudu. Ka ga wannan mai bakin? Shi nake so. Zai raka ni masallaci, ya karanta mini takardar likita, ya cika mana gida da surutu.”

Na kalli Abba ina jiran “bari mu gani.” Makonni ya yi yana jan wannan kalmar a kan auta. Ni kuwa ko lomar bakinsa bai gama haɗiyewa ba ya ce, “Yaya, ai naka ne.”

Na san dalili, ko a lokacin na sani. Ɗan fari ne ni. A gidanmu ko sunana iyayena ba sa kira, kunya ba ta barin su nuna cewa na dame su, balle a gaban Baffa. Amma sanin dalili bai rage mini komai ba. Da yamma na tarar da Umma tana wanke tire na ce, “Umma, ko ‘bari mu gani’ ɗaya ba za a ce a kaina ba?”

Ta ce, “Wa ya aike ka?”

Na tsaya ina huci. Ta ci gaba da goga tiren da ya riga ya fita tas, ba ta juyo ba. Can ta ce, “Kai za ka iya. Shi ba zai iya ba.”

Ranar da na yi bayani a aji kuwa, sanatan nan ya sha zagi. Na ce duk abin da ya ci a yaƙi an rubuta, duk muƙamin da ya hau an rubuta, amma ban ga inda aka rubuta cewa an tambayi yaran nan ko suna son tafiya ba. Malam ya ce na yi ƙoƙari, sai dai tarihi ba wurin huce haushi ba ne, ya rage mini maki. Wato mutumin ya raba ni da gida, ya kuma bi ni makaranta.

Da hutu ya zo aka kai mu filin jirgi. Ƙanwata ta yi kuka yadda ya kamata, Allah ya yi mata albarka. Shi kuwa autan da na sayar da kaina dominsa, sai ya ja mini riga ya tambaye ni da Larabci ko yanzu gadona ya zama nasa.

Ba zan ce na sha wahala a Funtuwa ba. Baffa da Hajiya sun riƙe ni kamar ƙwai, kuma surutun da aka kawo ni in yi na yi shi har maƙwabta sun kawo ƙara. Auta ya girma a gaban uwarsa, abin da nake so ke nan, kuma da za a sake, da na sake shiga tsakani. Amma har yau ina nan a kan bakana: ko babba ko ƙarami, a tambayi yaro kafin a ɗaure masa kaya. Abin da na koya wa kaina kuwa shi ne, kafin in ɗauki labarin wani in je faɗa da shi, sai na zauna a mazaunin wanda zan gaya wa na saurare shi tukuna. In kuma babba ya tsotse ƙwallon dabino ya ce mini “tsaya,” to na tsaya ke nan, ba a koya mana ba tukuna.