Santsin Wana

Shekarar da soja suka miƙa mulki kowa ya zama mai jawabi a Katsina, har wana, tsohon ɗan dambe, wanda ciwon hanta ya kwantar. Likita ya gaya mana gaskiya, ba zai tashi ba, wana ma ya sani. Sai ya ce in aro lasifikar mai neman kansilan unguwarmu, in tara jama'a a ƙofar gidanmu a Ƙofar Guga, zai yi godiya da neman gafara.

Na san wanda yake nufi. Akwai wani mahauci a Gobarau, amininsa tun ƙuruciya, wanda ya taɓa kai shi ƙasa a fage. Wana ya ce santsi ne, shi kuwa ya ce naushi ne. A kan wannan shirmen suka daina ko gaisawa, har furfura ta fito masu. Sai da na yi sawu uku kafin mutumin ya zo, ya tsaya can baya yana cin magani.

Muka kwantar da wana a kujera, duk ya rame, na riƙe mashi lasifika. Wai godiya! Mutumin da bai iya komai ba sai kirari. Ya gode wa wani ɗan Batagarawa da ya bar mashi haƙora biyu kyauta. Ya nemi gafarar wani, amma sai da ya tuna wa jama'a da wane hannu ya kwantar da shi. Ya gode wa matarsa da ta yi ta gasa mashi jiki, ko da yake, in ji shi, ba a cika samun wurin gasawa ba. Mutane suna dariya suna share hawaye, ni kuwa haushi kamar in kashe lasifikar, don numfashinsa yana ƙarewa bai zo kan maganar ba.

Can sai ya hango mahaucin a baya.

"Kai na Gobarau, ba santsi ba ne. Kai ka kada ni. Ka yahe mani."

Mutumin ya ratso jama'a, ya durƙusa ya kama hannun nan da ya zama kamar kara.

"Ƙarya kake, santsi ne. An yi ruwa ranar, ina wurin."

Wallahi nan suka dasa sabuwar gardama, kowa yana rantsuwa shi ne bai yi nasara ba, har aka kira la'asar.

Mahaucin ne ya yi wa wana wanka da ya cika. Ranar sadakar uku wani ya yaba naushin nan, mahaucin ya kusa marin shi. Har yau santsi ne.