Zanen Baturen da Na Kai Bugu

Shekara uku na yi ina wanki da guga a gidan wani tsohon Bature a Jidda, a farkon shekarun tamanin. Umra ce ta kawo ni, na maƙale a unguwar Sa'alaba ba takarda, har Allah ya haɗa ni da shi. Kamfanin gine-ginen da ya ɗauko shi ne ya yi mini iƙama, wato takardar zama, amma duk shekara sai tsohon ya sa hannu a wata wasiƙa kafin a sabunta ta. Zamana a garin a hannunsa yake, kuma ban taɓa mantawa da haka ba.

Mutumin Sikotlan ne, kuma ɗan sarauta. Ya gaji sarautar daga mahaifinsa, haɗe da wani ƙaton gidan dutse da rufinsa ke yoyo. Ya yi soja, har ya zauna a barikin Kaduna zamanin Turawa, inda ya kwaso wata Hausa mai kaushi irin ta ba da oda. Daga baya ya shiga siyasa, ya yi majalisa, aka juya masa baya. Kamfanin bai ɗauko shi don ya san siminti ba. Sarautar suke so, a zaunar da shi wurin cin abinci manyan baƙi su gaisa da shi. Shi ma ya sani. Yakan dawo da la'asar ya zube a kujera ya ce, "Yau ma an nuna ni."

Yana da wani zane na ulu mai ratsin kore da shuɗi, an jera masa ninki-ninki ta baya, wanda mazan ƙasarsu ke ɗaurawa iya gwiwa. Ranar da na fara ganinsa sanye da shi sai da na shiga kicin na yi dariyata. Da shi ya yi soja, kuma ratsin na gidansu ne, ba kowa ke sa shi ba. Bai taɓa ba ni shi in wanke ba. Da kansa yake kakkaɓe shi ya rataye.

A shekara ta uku kamfanin ya shirya walima, aka gayyato manyan da ake neman kwangila a wurinsu, aka ce tsohon zai fito cikin kayan gargajiyarsa. Ana saura kwana uku aka tura shi Riyad. Yana fita ya ce, "Ka shirya mini kayan." A makon nan ne wasiƙata ta kamata a sa mata hannu, sai na ce bari in yi abin da zai ji daɗi.

A wurinmu kayan babban mutum ba sa fita taro sai sun sha sitati da bugu. Na wanke zanen da ruwan zafi, na ba shi sitati har ya ƙoshi, na ɗauka sai Sa'alaba, wurin wani Bakano mai bugu a bayan masallaci. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Malam, wannan ai bargo ne. Ka tabbata?"

Na ce, "Kai dai buga. Na mai sarauta ne."

Ya ɗora a kan gungume ya buga da gaskiyarsa. Da ya gama babu ninki ko ɗaya. Zanen ya tsuke, ya sandare kamar tabarma, yana wani ƙyalli mara daɗin gani. A hanya na yi ta gaya wa kaina haka kayan manya suke.

Tsohon ya dawo ranar walimar. Ya ɗaura, bakin zanen bai haɗu ba. Ya ja, ya sake ja, sannan ya zauna a bakin gado da shi a cinya.

"Bugu ka kai shi?"

"I, Yallaɓai."

"Na san bugu. Na gani a Kaduna ana yi wa rigunan manya." Ya daɗe yana shafa inda ninkin yake a da. "Girmama ni ka yi ke nan."

Da faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi. Ya sa kwat ya tafi. Washegari ya ce mini a ƙarshen tebur aka zaunar da shi, ba wanda ya nemi hoto da shi. Ban roƙa ba ya jawo wasiƙar ya sa hannu.

Na kai ta ofishin kamfanin a unguwar Bani Malik bayan kwana biyu. Magatakardan ya duba ya turo mini ita.

"Khalas, ya hajj, zance ya ƙare. Wannan sa hannun ba ya aiki. Tsohonku khuruj, an sallame shi, ƙasar zai bari."

Ko zanen ne ya jawo, ko dama sun gaji da shi, har yau ban sani ba. Na tambayi tsohon yana haɗa akwati, ya ce shi ma bai sani ba, kuma ya gaji da tambaya. An riga an sayar da gidan dutsen, ɗaki ɗaya zai je ya zauna a gidan ƙanwarsa. Na ce ya yi mini magana da su ko sau ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ni ma kafili gare ni, zamana a hannunsu yake, ka manta?"

Ya bar zanen a kan teburin guga. Na koma Sa'alaba da shi ba iƙama, na yi shekara goma sha ɗaya ina sauya lungu in na hango motar masu kame. A shekarun farko na sha jiƙa shi in bi layin ninkin da dutsen guga, amma ba ya kamawa, sai na haƙura. Yana ƙasan akwatina yanzu. Wasiƙar tana naɗe a cikinsa, sa hannun tsohon ko dusashewa bai yi ba.